Makwancin Iya Albarka

Muntaka yana can ƙololuwar dabino, igiya a ƙugu, lauje a hannu, ya hango mutum a kan hanyar da ta fito daga Jahun. Hantsi ya ɗaga, ƙasa ta sha ruwan jiya har tana tururi. Mutumin na tafe yana jan ƙafar hagu, da ɗan ƙunshi a ka, ba ya sauri, ba ya kuma tsayawa. Tun kafin fuska ta fito Muntaka ya gane kafaɗa. Mutum ɗaya ya sani a duk ƙasar Dutse mai tafiya da kafaɗar dama a gaba, kamar zai ture ƙyaure.

Laujen ya suɓuce daga hannunsa ya caki ƙasa.

Mailafiya ne, abokinsa tun na goyo. Shekara biyu ke nan ba kaɗan tun ranar da aka aiko wa dagaci ya ba da mutum shida su yi wa Turawa dakon kaya zuwa yaƙin Jamus. Dagaci ya dubi gari ya tsamo waɗanda ba su da mai yi musu kuka a ƙofar fada. Biyu sun dawo bara, suka ce sauran sai addu'a. Ga shi yau ɗaya daga cikin sauran yana tafe da ƙafarsa.

Kamata ya yi Muntaka ya zamo ƙasa da gudu. Amma sai ya ƙanƙame itacen, ƙayar dabino na sukan damtsensa, yana jin da hali da ya kwana a nan.

Mailafiya ya iso gindin bishiyar, ya sunkuya ya zare laujen, ya ɗaga kai. Ya rame, haƙoransa biyu na gaba babu, amma dariyar tana nan yadda take.

“Kai, Sarkin Kuka! Biri ka koma bayan tafiyata? Sauko mana, ko sai na jefe ka?”

Ya sauko. Suka riƙe hannun juna suka daɗe ba su saki ba. Aka yi gaisuwa, aka maimaita, aka tambayi hanya, aka tambayi ƙafa. Da gaisuwa ta ƙare sai Mailafiya ya sauke ƙunshinsa ya zauna a kan saiwa.

“Ba sai ka wahalar da bakinka ba, na ji,” in ji shi. “Jiya a kasuwar Jahun wata mai daddawa ta gane ni, ta yi mini gaisuwar Iya. Ta ce da ranin nan ne. Na tambaye ta ciwon me, sai ta hau gyara faifanta.” Ya share fuska da hularsa. “Wanda ya ba ni ita shi ya karɓa. Abu ɗaya nake so kafin in sha ruwan garin nan. Kai ni in ga inda kuka kwantar da ita.”

Kuka kwantar da ita. Muntaka ya sunkuya ya hau naɗe igiyarsa.

“Ruwa kam sai ka sha,” ya ce, idonsa a kan igiyar da yake naɗewa. “Dubi ƙafarka. Ka huta yau, gobe da hantsi mu je.”

Ya ɗauki ƙunshin ya yi gaba don kada a ga fuskarsa. Gaskiyar magana ita ce, Muntaka bai san inda kabarin Iya Albarka yake ba.

* * *

A garinsu, in yaro ya isa yaye ba a barin sa kusa da uwarsa. Akan kai shi wurin kaka ya yi kwana bakwai ko goma har ya manta da nono, uwa da uba kuma ba sa leƙa shi sai kwanakin sun cika. To ba kowa ke da kaka a kusa ba, waɗanda ke nan ɗin ma ba duka ke iya jure kukan ɗan yaye ba. Shi ya sa aka saba kai wa Iya Albarka.

Ita ba 'yar garin ba ce. Tana ƙarama aka kawo ta daga duwatsun kudu, zamanin da ake kai hari ana kamo mutane, da wasu tsagu uku a goshi da babu mai irin su a nan. A gidan tsohon dagaci ta girma tana baiwa, a nan kuma ta fara karɓar 'yan yaye, na gidan tukuna, sannan na maƙwabta, sannan na kowa. Da ubangijinta ya rasu, Turawa kuma suka zo aka daina kai mutum kasuwa, babu wanda ya ce mata tafi, babu wanda ya ce zauna. Ina ma za ta? Ko sunan garinsu ba ta riƙe ba. Sai ta ci gaba da zama a ɗakinta na kusa da rijiya, ita da ɗanta ɗaya, Mailafiya.

Yadda take yi, takan goya yaron ta durƙusa gaban dutsen niƙa, tana niƙa tana rausaya, har ihu ya koma shessheƙa, shessheƙa ta koma barci. Takan jiƙa dabino ta dama a kunun kanwa, ta riƙa ɗiga wa yaro a harshe da ɗan yatsa. Tana kuma da wata 'yar waƙa da harshen garinsu, wadda ita kanta ta ce ma'anar ta gudu ta bar mata sauti. Wanda ya kawo ƙwaryar gero ta karɓa, wanda ya kawo godiya kawai ita ma ta karɓa.

Mako ɗaya aka yaye Muntaka da Mailafiya. Kwana goma sha ɗaya Muntaka ya yi yana tsala ihu, daga nan ya samo sunan Sarkin Kuka. “Ɗaya a baya, ɗaya a ƙirji,” Iya takan ce, “kuna shurin juna ta cikin haƙarƙarina.” Da mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara biyar, ƙafarsa da kanta ta mayar da shi ɗakin. A tukunyar Iya ya girma.

Ba shi kaɗai ba. Kusan duk wani saurayi ko magidanci a garin ya hau bayanta, ta kuma san sirrin kowa. Sai ka ga ƙato da gemu ya zo wucewa, ta ɗago daga tankaɗe ta ce, “Ahmadu ɗan mai gari, har yanzu ana tsotson babban yatsa?” Mata a bakin rijiya su kwashe da dariya, shi kuma ya durƙusa ya gaishe ta yana sosa ƙeya.

Ranar da aka jera 'yan dako za a tafi da su, Mailafiya ya waiwayo ya ce, “Muntaka, ga Iya nan.”

“Haba, sai ka faɗa?” in ji Muntaka. “Uwata ce fa.”

* * *

Da bazarar da ta biyo baya baƙon dauro ya shigo gari. Yara suka riƙa kwantawa gida gida. A lokacin 'yan yaye uku ne a ɗakin Iya: ɗan maƙeri, da ɗan Ahmadu jikan dagaci, da Luba, 'yar farin Muntaka. Ɗan maƙeri ya rasu. Washegari jikin ɗan Ahmadu ya ɗauki zafi.

Yara da yawa sun mutu a makon waɗanda ba su taɓa taka ɗakinta ba, amma ba wanda ya tsaya duba wannan. Har yau ba a san bakin da ya fara furta kalmar ba. A rijiya dai aka fara jin ta, kafin azahar ta zaga gari. Mayya. Aka ce waƙar nan da ba a san ma'anarta ba, ashe kurwar yara take kira. Aka ce ai dama ba a san asalinta ba. Wa ya san uwarta, wa ya san ubanta?

Da rana tsaka mutane suka taru a ƙofar ɗakin. Aka fito da ɗan Ahmadu aka shimfiɗe a ƙasa, aka ce ta tsallake shi sau uku ta sakar masa kurwa. Iya ta fito da Luba a bayanta, yarinyar lafiya lau, kwananta huɗu, tana ta wasa da kunnen tsohuwar. Iya ta bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman wanda bai taɓa yi mata fitsari a baya ba.

“Ahmadu,” ta ce. “Ni?”

Ahmadu ya kau da kai. Ta tattare zanenta ta tsallaka, ta dawo, ta sake tsallakawa.

Har zuwa nan abin bai gama lalacewa ba. Wasu tsofaffi sun fara gunaguni, Malam Ashafa ɗan liman ya ɗaga hannu yana cewa a yi hattara, zato zunubi ne. Idanu da yawa kuma suna kan Muntaka. Kowa ya san shi aka bar wa amanar tsohuwar, ga kuma 'yarsa a bayanta. In ya bar yarinyar ta cika kwanakinta, ya ba da shaida ke nan ba tare da ya buɗe baki ba.

Sai surukarsa, Gwaggo Iyatu, ta matso ta bayansa ta ce a hankali, “Kana tsaye, jikata na bayan mayya? In ta mutu kai ka kashe ta.”

Ya dubi yaron da ke kwance yana numfashi sama sama. Ya dubi 'yar ƙafar Luba tana lilo. Shi da kunyar 'yar fari ba ta taɓa barin sa ya ɗauke ta a gaban mutane ba, ko sunanta ba ya faɗa, sai ga shi ya ratsa taro ya tsaya gaban Iya ya miƙa hannu biyu.

Iya ta dube shi. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambaye shi kamar yadda ta tambayi Ahmadu ba. Da hannunta ta kwance goyon ta juyo da yarinyar.

“Tallafi ƙeyarta, ba ka iya ba,” ta ce. “Ka gaya wa uwar kada ta mayar da ita nono, ta fara mantawa. Kunun kuma a bari ya huce, ba ta son mai zafi.”

Wani daga baya ya ce, “To kun gani? Ko Muntaka.”

Shi ke nan. Malam Ashafa ya sauke hannunsa. Bayan kwana biyu ɗan Ahmadu ya cika, aka ɗebe jinkar ɗakinta aka jefar, aka ce ta bar gari. Ta ɗauki tukunya ɗaya da tabarma ta zagaya bayan babban dutsen da ke gabas, ta kafa 'yar bukka.

Wata takwas ta yi a can. Tafiyar ba ta kai ta zuwa gonarsa ba, amma kullum Muntaka gobe yake cewa. Bari ƙura ta lafa. Bari a gama noma. Bari a yi girbi. Sau ɗaya ya ɗauki damin gero ya tafi har ya hango hayaƙin bukkar, sai ya ji muryar mata masu itace, ya ajiye damin a kan wani falalen dutse ya juyo da sauri kamar ɓarawo.

Da rani Fulani suka sauka da shanunsu a bayan dutsen. Wata rana wata mai tallan nono ta tsaya a ƙofar gidansa, tana auna masa ta ce, “Tsohuwar nan taku ta rasu, mazanmu sun yi mata sutura shekaranjiya. Ba ta da kowa ne a garin?” Ya yi salati, ya ce gobe zai je su nuna masa wurin. Kafin gobensa ta zo ruwan fari ya sauka, Fulani suka tashi suka yi arewa.

* * *

Mailafiya ya ci tuwo ya miƙe a zauren Muntaka, barci ya kwashe shi kamar an buge shi. Da aka yi la'asar Muntaka ya zame ya nufi gidan liman. Ya tarar da Malam Ashafa a kan buzu yana feƙe alƙalami.

“Allah gafarta Malam, Mailafiya ya dawo.”

“Na ji. Allah mai iko.”

“Yana so a nuna masa kabari.”

Wuƙar ta tsaya. “To ai kai ne na kusa.”

“Ban san wurin ba. Na ce ko Fulanin sun zo neman mai salla, ko sun kwatanta wa wani.”

“Ba su zo ba. Da sun zo…” Malam bai ƙarasa ba. Ya hure ɓawon karan daga gwiwarsa, ya daɗe yana duban bakin alƙalamin. “Muntaka, addu'a ba ta ɓatan hanya. Bawan Allahn nan ya sha wuya, ka ga yadda ya dawo. Ka kai shi maƙabarta, ka tsaya inda ka ga tudu, ya yi addu'arsa zuciyarsa ta yi sanyi. Wanda ake roƙo ya san inda za ta sauka.”

“In ya ji daga baya fa?”

“A bakin wa? Duk wanda zai ba shi labarin nan sai ya fara da kansa.”

Maganar ta yi wa Muntaka daɗi, daɗin ne kuma ya ba shi tsoro.

Har ya yunƙura zai tashi Malam ya ce, kamar da buzun yake magana, “Kwana shida na yi a wurinta. An ce da mahaifiyata ta zo ɗauka ta, ƙin ta na yi, na maƙale wa Iya a wuya sai da aka ɓamɓare ni.” Ya murza ido da bayan hannu. “Karan nan ƙura gare shi. Sai ka gaishe shi, ka ce muna tafe.”

A gida matarsa Rakiya ta tare shi a bakin madafa, murya ƙasa ƙasa. “Maigida, me Malam ya ce?” Ya faɗa mata. Ta ce, “To ka bi ta malamai mana. Tone-tone ba ya ta da matacce.” Luba na zaune a gefe tana wasa da ludayi, ta yi ɓul-ɓul. Muntaka ya dube ta sau ɗaya ya fita.

* * *

Da hantsi suka tafi maƙabarta, Muntaka a gaba, Mailafiya na jan ƙafa a baya. Ciyawa ta rufe yawancin kaburburan, sai 'yan tudu da tsingaro da busasshiyar ƙaya. Muntaka ya zaga ya zaga, ya tsaya a kan wani da ke gindin aduwa, wanda bai tsufa ba bai kuma yi sabo ba. Bai ce ga shi ba. Tsayawa kawai ya yi.

Mailafiya ya tuɓe takalmansa ya tsuguna. Ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya shafa. Sannan ya ɗora tafin hannu a kan ƙasar, ya soma magana kamar yana bakin ƙofar ɗaki.

“Iya, na dawo. Ƙafa ce kawai ta lalace, sai haƙora biyu, dama kin ce sun yi mini yawa. Na ga duwatsu irin waɗanda kike faɗa, masu gidaje a kai. Wata rana muna wucewa da kaya na ji mata na niƙa suna waƙa, wallahi kamar taki. Na tsaya ina saurare har sai da aka zuba mini bulala. Na so in tambaye su sunan garin in kawo miki, ba a bar ni ba.”

Ya cire wata ciyawa daga kan tudun, ya gyara zaman tsingaron. Ya ɗago yana murmushi, idonsa jajur.

“Kun samar mata inuwa. Allah ya saka. Wa ya shiga ramin ya karɓe ta? Kai ne ko? Na san ba za ka bar wa wani ba.”

Iska ta kaɗa aduwar. Da Muntaka ya gyaɗa kai sau ɗaya, da an gama. Su koma gida, mutane su zo gaisuwa, kowa ya riƙe bakinsa har kabarinsa. Ya ji wuyansa ya ƙage. Hannun nan da ke shafa ƙasar wani, shi ne ya kasa kallo.

“Tashi, Mailafiya,” ya ce. “Ba ita ce a nan ba.”

Ya durƙusa a cikin ciyawar ya faɗa masa duka, tun daga ɗan maƙeri har mai tallan nono. Bai rage tsallaken ba, bai rage hannu biyun da ya miƙa ba, bai rage damin da ya ajiye ya gudu ba. Bai ambaci surukarsa ba, don ya ga ba ita ta miƙa hannun ba.

Mailafiya bai katse shi ba. Da ya gama, sai ya janye tafinsa daga kan tudun a hankali ya duba ƙasar da ta manne masa.

“Wannan ɗin wane ne?”

“Ban sani ba. Ina jin wani baƙo ne da ya rasu a zango.”

“To Allah ya ji ƙansa. Yau ya yi sa'ar ɗa.” Ya karkaɗe hannun. “Yarinyar tana raye?”

“Tana raye.”

“An mayar da ita nono?”

“A'a.”

“To Iya ta gama aikinta.” Ya ɗauki takalmansa ya riƙe a hannu. “Kai ni bayan dutsen.”

* * *

Tun kafin su zagaya dutsen suka ji kiɗa. Muntaka ya san ko na mene ne. Inda shanu suka yi rani ƙasa takan yi ƙarfi da taki, ba a barin ta. Da Fulani suka tashi, gidan dagaci ne suka share wurin suka shuka dawa, yau kuma Ahmadu ya kira gayyar huɗa.

Dawar ta yi baƙi ƙirin don kyau, ta kai gwiwa. Samari fiye da ashirin sun jeru kafaɗa da kafaɗa, garma na tashi tana sauka tare, makaɗi na bin su a baya yana yi wa kowa kirari. Babu bukka, babu alamarta, sai duwatsun murhu uku da aka mirgina gefen gona.

Mailafiya ya tsaya a bakin kunya ta farko yana kallon su.

“Wancan na ƙarshe, da yana ɗakin Iya, cizo yake yi,” ya ce a hankali. “Na kusa da shi sai an rufe masa fuska da zane yake barci. Wancan dogon ni na riƙa kore masa ƙuda.”

Makaɗi ne ya fara ganin su. Ya ɗauke hannu. Garemani suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Ahmadu ya taho yana goge zufa, yana murmushin da bai zauna ba.

“A'a, Mailafiya! Sannu da dawowa, sannu. Mun ji, dama muna cewa in an tashi za mu zo gaisuwa. Ya haƙuri?”

“Da godiya, ɗan mai gari. Tambaya ɗaya ce. Da kuka share wurin nan, ba ku ga tudu ba? Ko ƙaya a tare, ko fasasshiyar tukunya?”

Ahmadu ya dubi Muntaka, ya dubi ƙasa. “Wallahi kashin shanu ne ko'ina, duk wurin tudu tudu ne. Muka tara ƙaya muka ƙone.”

“Kamar na ga wasu itatuwa a jere can wajen kalgon,” in ji wani saurayi.

“A'a, turken maruƙa ne wannan,” in ji wani. “In akwai, to ta nan ne, kusa da dutse.”

Na uku ya nuna tsakiyar gona, inda aka riga aka huɗe. Hannuwa uku, kowanne da inda ya dosa. Sai duk suka sauke.

Mailafiya ya shiga gonar ba takalmi. Yana ɗaga gurguwar ƙafar yana ajiyewa a hankali, kamar mai ratsa ɗakin da yara ke barci. Ya je wajen kalgon ya tsaya. Ya dawo gindin dutse ya tsaya. Ya shiga tsakiya ya juya gabas, ya juya yamma, leɓɓansa na motsi. Sannan ya fito ya zo gaban abokinsa.

“Muntaka,” ya ce. Tun suna yara bai taɓa kiran sa da wannan sunan ba in su biyu ne. “Ƙasar rani tauri gare ta, baƙi kuma ba sa yawo da kayan haƙa. Da wuya in sun yi mata zurfi. Ni ba za a ji tawa ba. Ka ce musu kada su nutsa garma.”

Ya sa takalmansa. Bai bi hanyar gari ba, ko ƙunshinsa bai koma ɗauka ba. Ya miƙe ta gefen gona ya nufi hanyar da ta kawo shi.

Ahmadu ya ɗaga kai ya dubi rana. Tuwon gayya na kan wuta, saura fiye da rabin gona. Ya yi wa makaɗi alama da haɓa.

“Ku sassauta!” in ji Muntaka. “Don Allah kada ku zurfafa!”

Ganga ta riga ta ɗauka. Na kusa da shi ne kaɗai ya ji, ya sassauta sara biyu, a sara na uku ya koma bin kiɗa.

Sai Muntaka ya tuɓe nasa takalman ya shiga gaban layin. Yana ja da baya a sunkuye, garemani na biyo shi, yana duban duk ƙasar da suka kifar, baƙa, mai danshi, mai ƙamshin taki. Yana roƙon Allah kada ya ga komai, yana kuma roƙon ya gani.